Man hana cijewa a kan fulogi

Man hana cijewa wani maiƙo ne mai kauri, gaurayen giris da garin ƙarfe mai laushi, wanda ake shafa wa tiredin kusa ko noti domin kada ya cije bayan ya daɗe cikin zafi da danshi. A jikin gwangwaninsa ana rubuta sunansa na Turanci, anti-seize. Tiredi shi ne murɗaɗɗun haƙoran da ke jikin kusa, waɗanda ke shiga cikin 'yan'uwansu na rami idan ana ɗaurewa.

Shafa wannan mai a kan fulogi lokacin canji batu ne da makanikai suka daɗe suna saɓani a kansa. Ya shafi kowane injin da ke aiki da fetur, daga motar tsere zuwa babur, janareto da injin ban ruwa irin waɗanda ake amfani da su a Bukkuyum, Anka da Gummi a jihar Zamfara. Manyan kamfanonin fulogi, irin su NGK da Denso, sun hana shafa shi a kan sabon fulogi mai rufi mai sheƙi, domin yana sa a ɗaure fulogin fiye da kima ba tare da an sani ba. Ana amfani da shi ne a inda littafin injin ya yi umarni, da kuma a kan fulogin da ba shi da rufi.

Abin da man ya ƙunsa

Man yana da kashi biyu: giris, wanda ke ɗauke da haɗin, da kuma gari mai laushi. Idan zafi ya yi yawa giris ɗin yana ƙonewa ya tafi, garin kuma ya zauna tsakanin haƙoran tiredi ya hana ƙarfe biyun mannewa. Wannan ne bambancinsa da giris na yau da kullum, wanda idan ya ƙone ba ya barin komai sai baƙin gawayi.

Ana rarraba shi bisa garin da ke cikinsa:

- Mai jan ƙarfe, launinsa ja-ja ne, yana jure zafin da ya kai kusan digiri 980 a ma'aunin Salshiyos.
- Mai alminiyum, launin azurfa, yana jure kusan digiri 870.
- Mai nikel, launin toka mai duhu, yana jure kusan digiri 1,300.
- Wanda babu ƙarfe a cikinsa, ana yin sa da girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, ko da garin tangaran.

Daga cikin sunayen da aka san shi da su a kasuwa akwai Never-Seez, Copaslip, Loctite da Permatex. Ana amfani da shi sosai a kan kusoshin salansa, da sassan birki, da bututun masana'antu.

Yadda fulogi ke zama a inji

Fulogi shi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna gaurayen fetur da iska a cikin silinda. Yana da sandar ƙarfe a tsakiya, farin tangaran da ya kewaye ta, da jiki na ƙarfe mai tiredi wanda ake murɗawa cikin kan silinda. Wutar da ke zuwa masa tana kai dubban volt, sau da yawa sama da 20,000.

Tiredin fulogi da mazauninsa suna yin aiki uku. Suna toshe ramin domin kada iskar ƙuna ta tsere. Su ne hanyar da wutar lantarki ke bi ta koma jikin inji bayan tartsatsi. Kuma ta nan ne mafi yawan zafin fulogi ke fita zuwa kan silinda. Bakin fulogi yana aiki da kyau ne tsakanin digiri 500 zuwa 800. Ƙasa da haka yakan tara baƙi, sama da haka kuma yana iya kunna fetur kafin lokaci, abin da kan huda fistin. Saboda haka ƙarfin da aka ɗaure fulogi da shi yana da tasiri kai tsaye a kan lafiyar inji.

Mazauni iri biyu ne. Akwai mai washa, wadda ke matsewa idan an ɗaure, akwai kuma mai tsinin mazurari wanda ba shi da washa, ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe.

Dalilin cijewa

Jikin fulogi ƙarfe ne, kan silinda kuma a yawancin injinan zamani alminiyum ne. Haɗuwarsu tana jawo matsala ta hanyoyi huɗu.

Na farko, alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce, haƙoran biyu suna ɗan gogar juna. Na biyu, idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a wuri mai danshi, ɗaya yakan ci ɗaya, kuma a nan alminiyum ne ke cutuwa. Na uku, baƙin hayaƙi yana taruwa a haƙoran ƙarshe da ke kusa da ɗakin ƙuna, ya sandare, musamman idan an saka fulogin da ya fi ramin tsawo. Na huɗu, alminiyum yana da laushi: idan aka tilasta fulogin da ya cije, sai ya yago haƙoran ramin ya fito da su.

Tarihi

Injin da Étienne Lenoir ya ƙera a Faransa a shekarar 1860 yana amfani da tartsatsin lantarki wajen kunna mai. A shekarar 1902 Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch da ke Jamus, ya samar da na'urar wuta mai ƙarfi tare da fulogin da ya dace da ita, daga nan fulogi ya zama ruwan dare.

A farkon ƙarni na 20 yawancin motoci suna da kan silinda na baƙin ƙarfen zubi, fulogi kuma ana cire shi a kai a kai domin gogewa, don haka bai cika samun damar cijewa ba. Jiragen sama, babura da motocin tsere su ne suka riga sauran komawa alminiyum saboda rashin nauyinsa da saurin fitar da zafi. A lokacin jikin fulogi baƙi ne, ba shi da rufin kirki, sai makanikai suka saba da shafa masa mai. Daga baya kamfanoni suka fara lulluɓe jikin fulogi da zinki ko nikel. Fitowar fulogi masu bakin filatinam da iridiyam, waɗanda ke iya kai kilomita 100,000 ba a taɓa su ba, ta sake tayar da muhawarar, domin fulogin da zai shekara biyar ko fiye a rami yana sa mai mota fargabar ranar cirewa.

Yadda man ke canza ƙarfin ɗauri

Ana auna ƙarfin murɗa kusa da ma'aunin Newton-mita, a taƙaice Nm, ta hanyar sifana mai awo. Sai dai sifanar ba ta auna matsewar fulogi kai tsaye, juriyar da take ji kawai take aunawa. A kusa busasshiya kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da aka sa yana tafiya ne wajen cin ƙarfin gogayya, kusan kashi 10 ne kawai ke zama matsewa.

Alƙaluman da kamfanoni ke bayarwa na busasshen tiredi ne. Idan aka shafa mai gogayya takan ragu, sai fulogi ya ƙara juyawa kafin sifana ta nuna an kai awo. NGK ya bayyana cewa bambancin yana iya kai kashi 20 cikin 100. Ke nan wanda ya shafa mai ya ɗaure a kan Nm 25 yana iya matse fulogin kamar ya ɗaure busasshe a kan Nm 30. Haka ma ga mai ɗaurewa da hannu ba tare da awo ba: santsin yana yaudarar hannu, mutum ya ci gaba da murɗawa yana ganin bai kai ba.

Ɗauri fiye da kima yana miƙar da jikin fulogi, ya sassauta riƙon da yake yi wa tangaran. Daga nan iska takan fara tsiyaya ta cikinsa, zafi ya daina fita yadda ya kamata. Tangaran na iya tsagewa, fulogin na iya karyewa a wuya, ko haƙoran kan silinda su cinye. Ɗauri ƙasa da kima shi ma yana da illa, domin fulogin da bai zauna ba yana yin zafi, jijjiga kuma tana cinye haƙoran har matsin silinda ya tofar da shi waje.

Akwai illa ta biyu. Garin jan ƙarfe, alminiyum, nikel da girafait duka suna ɗaukar wutar lantarki. Idan man ya taɓa farin tangaran ko bakin fulogi, wuta takan bi ta kansa ta zille maimakon ta yi tartsatsi, sai injin ya riƙa ƙyarma yana ɗauke wuta.

Matsayin kamfanoni

NGK, wanda aka kafa a birnin Nagoya na Japan a shekarar 1936, kuma ya koma suna Niterra a 2023, ya ce rufin da ke jikin fulogoginsa yana hana tsatsa yana kuma sauƙaƙa cirewa, don haka a saka su a bushe. Denso, wanda ya ɓalle daga Toyota a 1949, shi ma ya hana shafa maiƙo a tiredi. Bosch yana lulluɓe tiredin nasa da nikel, kuma bai nemi a ƙara masa mai ba.

A injinan jiragen sama masu fistin abin ya sha bamban. Fulogoginsu manya ne, milimita 18, ana cire su a kai a kai domin dubawa, kuma fetur ɗin da suke sha yana da dalma wadda ke barin dauɗa. Kamfanin Lycoming na Amurka ya yi umarni da a shafa mai kaɗan a tiredi, kamfanin Champion kuma yana sayar da nasa man na musamman domin wannan aiki. A nan alƙaluman ɗaurin an tsara su ne da man a jiki. Ƙa'idar da ta haɗa ɓangarorin biyu ita ce awon ɗauri da yanayin tiredi, busasshe ko mai maiƙo, tare suke tafiya.

Motocin tsere

A motocin tsere da masu gudu kuskure ya fi tsada. Kan silindarsu alminiyum ne, suna aiki da matsi da zafi mai yawa, kuma domin a samar wa bawul fili ana amfani da siririn fulogi na milimita 12 ko 10 mai dogon tiredi, wanda ke saurin miƙewa. Sau da yawa fulogin yana can ƙasan rami mai zurfi inda ido ba ya gani.

Kamfanin Porsche ya fitar da takardar umarni ga makanikansa cewa kada a shafa wa fulogi wannan mai, bisa dalilin cewa yana iya kawo cikas ga komawar wuta zuwa jikin inji. A motocin Toyota 86 da Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, injin kwantacce ne, fulogogin suna gefe dab da jikin mota, har tsarin kamfani ya tanadi a ɗan ɗaga injin kafin a kai gare su. Lalata tiredi a irin wannan wuri yakan kai ga sauke inji.

Kamfanin Ford ya ba da misalin inda ake buƙatar man. Injinansa masu bawul uku a kowace silinda, na lita 5.4 a motar F-150 daga 2004 zuwa 2008, da na lita 4.6 a Mustang GT daga 2005 zuwa 2008, suna da fulogi mai dogon hanci maras tiredi. Baƙi yakan taru ya riƙe hancin, fulogin ya karye gida biyu wajen cirewa. Ford ya yi umarni da a shafa siririn man nikel a jikin wannan hanci, ban da bakin da ke tartsatsi.

Ƙa'idar ɗauri

Awon da NGK ya bayar na fulogi mai washa a kan silinda na alminiyum, tiredi a bushe, shi ne:

- Milimita 10: Nm 10 zuwa 12
- Milimita 12: Nm 15 zuwa 20
- Milimita 14: Nm 25 zuwa 30
- Milimita 18: Nm 35 zuwa 40

Idan littafin injin ya ba da wani awo dabam, shi ake bi. A lambar fulogin NGK harafin farko yana nuna kauri a yawancin samfura: A milimita 18, B 14, C 10, D 12.

Inda babu sifana mai awo ana amfani da lissafin juyi. Ana murɗa fulogi da yatsu har washa ta taɓa mazauni, sannan a ƙara da sifana. Sabon fulogi na milimita 14 mai washa yana buƙatar rabin juyi zuwa biyu bisa uku. Wanda aka taɓa ɗaurewa ɗan kaɗan yake buƙata, domin washarsa ta riga ta matse. Mai tsinin mazurari ɗaya bisa goma sha shida na juyi ya ishe shi. Wannan hanya tana da fa'idar cewa maiƙo bai cika canza sakamakonta ba, tun da juyi ake ƙirgawa.

Idan ya zama dole a shafa man, ana ɗiban ɗan kaɗan a shafa a tsakiyar tiredi, a bar haƙora biyu na farko da ke kusa da baki a bushe, kuma kada ya taɓa washa ko mazauni. Makanikai kan rage awon ɗauri da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ana cire fulogi da mayar da shi ne bayan inji ya huce, kuma a hure ƙasar da ke bakin rami kafin a kwance.

A Bukkuyum da yammacin Zamfara

Bukkuyum ƙaramar hukuma ce a yammacin jihar Zamfara, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1996, kuma tana mazaɓar tarayya ɗaya da Gummi. Injinan fetur da suka fi yawa a yankin ƙanana ne: babura irin su Bajaj Boxer, Honda da Jincheng, ƙananan janareto, da injinan ban ruwa da manoman rani ke amfani da su a fadamun kogin Zamfara. Injinan dizal ba su da fulogin tartsatsi, don haka batun bai shafe su ba.

Waɗannan ƙananan injina suna da kan silinda na alminiyum wanda iska ke sanyayawa, kamar tsofaffin motocin Porsche 911, amma yanayin aikinsu dabam ne. A motar zamani fulogi yana shekaru a rami. A babur ko janareto kuwa, shi ne abin da ake fara cirewa da zarar inji ya ƙi tashi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, fetur mai dauɗa ko man inji da ya yi yawa a janareto mai haɗin mai suna baƙanta bakin fulogi, sai a cire a goge a mayar. Fulogin da ake cirewa kowane mako ba ya samun lokacin cijewa. Abin da ke damunsa shi ne cinyewar tiredi saboda yawan ɗauri, da shigar da shi a karkace, da yashi. A irin wannan hali mai yana ƙara matsala ne, domin ƙura tana manne masa ta zama kamar garin gogewa, santsinsa kuma yana sa a wuce kima a kan siririn tiredi na milimita 10 ko 12. Shafa baƙin mai ko giris shi ma yana jawo santsi iri ɗaya, sannan ya ƙone ya bar gawayin da ke riƙe fulogin.

Injin Honda GX160 da takwarorinsa na ƙasar Sin, waɗanda ake ɗora wa famfon ban ruwa da janareto, misali ne mai sauƙi. Honda ya ware masa fulogin NGK BPR6ES, tazarar baki milimita 0.7 zuwa 0.8. Littafinsa ya ce a murɗa da hannu, sannan a ƙara rabin juyi ga sabon fulogi, ko ɗaya bisa takwas zuwa ɗaya bisa huɗu ga wanda aka taɓa amfani da shi.

Inda man zai iya amfani a yankin shi ne injin ban ruwa da ake ajiyewa tsawon damina a wuri mai danshi, musamman idan fulogin baƙi ne maras rufi. Ko a nan, cire fulogi a share tiredinsa kafin ajiya, da ajiye injin a busasshen wuri, suna rage haɗarin. Akwai kuma matsalar jabu: NGK ya sha yin gargaɗi game da fulogogin bogi masu ɗauke da sunansa, waɗanda rufinsu da ƙarfensu ba su kai na asali ba. Ga manomin rani asarar ba ta tsaya ga kuɗin fulogi ba. Idan tiredi ya cinye a tsakiyar lokacin ban ruwa, albasa ko tumatir suna iya kwana biyu ko uku ba ruwa kafin a samo gyara, wani lokaci sai an je Gusau ko Sakkwato.

Idan fulogi ya cije

Ba a tilasta fulogin da ya cije. Ana ɗan sassauta shi kamar rubu'in juyi, a zuba man da ke ratsa tsatsa, a ba shi lokaci, sannan a riƙa murɗawa gaba da baya a hankali. Idan haƙoran ramin sun ɗan lanƙwashe ana gyara su da abin share tiredi, wanda ake shafa wa giris domin ya kama ɓurɓushin ƙarfe kada ya faɗa cikin silinda. Idan sun cinye gaba ɗaya ana faɗaɗa ramin a saka sabon tiredi na ƙarfe, irin Heli-Coil ko Time-Sert. Naɗa wa fulogi waya, zare ko leda domin ya kama ba gyara ba ne, yakan hana zafi fita kuma fulogin na iya tashi ana cikin tafiya.

Lafiya da muhalli

Garin nikel yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka ana son a sa safar hannu ko a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wasu nau'o'in man tiredi da ake amfani da su a bututun haƙar man fetur suna ɗauke da garin dalma, kuma ba don fulogi aka yi su ba. Yankin ya san haɗarin dalma: a shekarar 2010 gubarta, wadda ta fito daga niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, ciki har da 'Yargalma da Dareta. Saboda haka man da aka ɗebo a gwangwani maras rubutu, wanda ba a san abin da ke cikinsa ba, bai kamata a taɓa shi da hannu ba, kuma ba a barin sa ko tsumman da aka goge shi da shi inda yara ke wasa.